Bashin kwastan: Yadda kamfanonin haɗin gwiwa na Indiya ke kare dukiyarsu a kotu

Daga cikin ƙararrakin da manyan kotunan jihohin Indiya suka saba gani akwai na 'yan kasuwa masu fitar da kaya zuwa ƙasashen waje, waɗanda ke neman a dakatar da hukumar kwastan daga karɓar kuɗin da ta ce tana bin su.

Lamarin ya fi tsanani idan kamfanin na haɗin gwiwa ne, wato wanda mutum biyu ko fiye suka haɗa jari suna raba riba. A irin wannan kamfani bashi ba ya tsayawa a kan kadarorin kasuwanci. Yana iya kaiwa ga gida da fili da asusun banki na kowane ɗaya daga cikin abokan tarayyar.

Tambayoyi kaɗan ne ke yawan maimaituwa a gaban alƙalai: wane jami'i ne ke da ikon neman kuɗin, ko an nema a kan lokaci, ko an saurari wanda ake bi, dukiyar wa za a taɓa, kuma wa za a fara biya idan masu bin bashi sun yi yawa.

Me ya haɗa mai fitar da kaya da bashin kwastan?

Kayan da Indiya ke ɗora wa harajin fita ba su da yawa. Mafi yawan bashin da ake bin masu fitar da kaya ya samo asali ne daga rangwamen da gwamnati ta yi masu tun farko domin ƙarfafa cinikin waje.

Hanya ta farko ita ce mayar da kuɗin fito. Sashe na 75 na dokar kwastan ta 1962 ya ba da damar a mayar wa ɗan kasuwa harajin da aka biya a kan kayan da ya yi amfani da su wajen sarrafa abin da ya fitar. Sharaɗin shi ne kuɗin cinikin su shigo ƙasar cikin wa'adin da dokar musayar kuɗi ta 1999 ta tanada. Idan mai saye a waje bai biya ba, ana ɗaukar cewa tamkar ba a taɓa amincewa da mayarwar ba, sai a nemi ɗan kasuwar ya dawo da abin da ya karɓa tare da kuɗin ruwa.

Hanya ta biyu ita ce lasisin shigo da ɗanyen kaya ko injuna ba tare da biyan haraji ba, bisa alkawarin fitar da wani adadi na kaya. A tsarin injuna, alal misali, manufar cinikin waje ta 2023 ta wajabta fitar da kayan da darajarsu ta ninka harajin da aka yafe sau shida, cikin shekara shida. Ɗan kasuwa kan sa hannu a takardar alkawari, wani lokaci har da lamunin banki. Idan ya gaza, harajin da aka yafe ya zama bashi.

Hanya ta uku ita ce zargin zamba, musamman aringizon farashi, inda ake rubuta wa kaya darajar da ta wuce ta gaskiya domin a karɓi rangwame mai tsoka.

Da yawa daga cikin masu cin gajiyar waɗannan tsare-tsare ƙanana ne da matsakaitan kamfanoni na iyali, irin masu saƙa a Tiruppur da Ludhiana, da masu ƙera kayan tagulla a Moradabad, da masu sarrafa fata a Kanpur.

Matsayin kamfanin haɗin gwiwa

Dokar haɗin gwiwar kasuwanci ta Indiya ta 1932 ta samo tushe ne daga dokar Ingila ta 1890, wadda ita ce kuma tushen dokokin haɗin gwiwa a Najeriya.

A ƙarƙashin wannan doka kamfanin ba wani mutum ne na dabam ba a idon shari'a. Suna ne kawai da ake kiran abokan tarayyar da shi a dunƙule, kamar yadda Kotun Ƙolin ƙasar ta tabbatar a shari'ar Dulichand Laxminarayan a 1956.

Sashe na 25 ya ce kowane abokin tarayya yana ɗauke da alhakin duk abin da kamfanin ya aikata a lokacin da yake cikinsa, tare da sauran abokansa, da kuma shi kaɗai. Ma'ana, wanda ke da kashi 10 cikin ɗari na jari ana iya neman ya biya bashin baki ɗaya, daga bisani ya nemi haƙƙinsa a wurin abokansa.

Tsarin ya yi kama da abin da malaman fiƙihu ke kira shirkar mufawada, inda cinikin da ɗaya ya ƙulla ke hawa kan ɗan'uwansa.

Wanda ya shigo daga baya ba ya ɗaukar nauyin abin da aka yi kafin zuwansa. Wanda ya fita kuwa, sashe na 32 ya ce alhakin bai sauka daga kansa ba har sai an yi sanarwa ga jama'a cewa ya fita.

Wannan ya bambanta da kamfanin hannun jari. Manyan kotunan Bombay da Delhi sun sha yanke hukuncin cewa ba za a karɓi bashin harajin irin wannan kamfani daga dukiyar daraktocinsa ba, sai in akwai dokar da ta ba da izinin haka ƙarara.

Yadda hukumar ke karɓar kuɗinta

Matakin farko shi ne takardar neman bahasi, wadda ake aika wa kamfani a ƙarƙashin sashe na 28 ko ƙa'idojin mayar da kuɗin fito. Takardar kan bayyana zargin da adadin kuɗin, ta kuma nemi kamfanin ya faɗi dalilin da zai hana a karɓa.

Daga nan wani jami'in kwastan zai zauna a matsayin mai yanke hukunci. Idan ya tabbatar da bashin, yana iya ƙara kuɗin ruwa da tara. Inda aka samu ɓoye gaskiya da gangan, sashe na 114A ya tanadi tarar da ta kai yawan harajin kansa.

Idan ba a biya ba, sashe na 142 ya ba hukumar hanyoyi da dama. Tana iya cirewa daga duk wani kuɗi na kamfanin da ke hannunta. Tana iya riƙe kayansa da ke tashar jiragen ruwa ta sayar. Tana iya aika takardar shaida ga babban jami'in gunduma domin ya karɓa kamar yadda ake karɓar bashin harajin ƙasa. Tana kuma iya kama kadarori, masu motsi da marasa motsi, ta yi gwanjonsu idan kwana 30 suka wuce ba a biya ba.

A 2013 majalisar dokoki ta ƙara wata hanya: hukumar na iya umartar banki, ko duk wanda kamfanin ke bi bashi, ya miƙa kuɗin ga gwamnati kai tsaye. Ga ɗan kasuwar da ke da albashin ma'aikata a gabansa da kaya a kan hanya, rufe asusun banki na mako guda ma na iya tsayar da harka cak.

Matakan ɗaukaka ƙara

Wanda bai gamsu da hukuncin ƙaramin jami'i ba yana da kwana 60 ya kai kuka gaban kwamishinan ɗaukaka ƙara, wanda ke iya ƙara masa kwana 30 in akwai uzuri. A shari'ar Singh Enterprises a 2007, wadda ta shafi tanadi makamancin wannan a dokar harajin kayan masana'antu, Kotun Ƙoli ta ce kwamishinan ba shi da ikon wuce waɗannan kwanaki 30.

Sama da shi akwai kotun musamman ta harajin kwastan, wadda aka kafa a 1982, aka kuma sauya mata suna zuwa CESTAT a 2003. Daga can sai babbar kotun jiha a kan batutuwan fassarar doka, ko Kotun Ƙoli kai tsaye idan taƙaddamar ta shafi yawan haraji ko darajar kaya. Hukuncin kwamishinan ɗaukaka ƙara a kan mayar da kuɗin fito kuwa, gwamnatin tsakiya ake kai wa domin ta sake dubawa.

Kafin 2014 mai ɗaukaka ƙara sai ya ajiye kuɗin da ake bin sa, ko ya roƙi a yafe masa ajiyar saboda matsi. Wannan ya sa kotuna suka cika da buƙatun dakatarwa.

A ranar 1 ga Janairun 2013 hukumar da ke kula da kwastan ta fitar da wata sanarwa da ta umarci jami'anta su fara karɓar kuɗi kwana 30 bayan shigar da ƙara, matuƙar ba a samu umarnin dakatarwa ba. A watan Fabrairun shekarar babbar kotun Bombay, a ƙarar kamfanin Larsen & Toubro, ta ce ba za a hukunta ɗan kasuwa saboda jinkirin da ba shi ya jawo ba.

Daga watan Agustan 2014 aka sauya tsarin. Mai ɗaukaka ƙara kan ajiye kashi 7.5 cikin ɗari a matakin farko, kashi 10 a mataki na biyu, kuma ajiyar ba za ta wuce rupi miliyan 100 ba. Da zarar ya biya, ana dakatar da karɓar ragowar har a gama shari'a. Idan ya yi nasara, a mayar masa da kuɗinsa.

Misali, kamfanin da ake bi rupi miliyan 40 sai ya ajiye miliyan 3 kafin a saurare shi. Ga ƙaramin kamfanin da cinikinsa ya riga ya tsaya, wannan ma babban nauyi ne.

Shi ya sa wasu kan tsallake waɗannan matakai su nufi babbar kotu a ƙarƙashin sashe na 226 na tsarin mulki. Kotuna ba su cika son haka ba. Amma a shari'ar Whirlpool a 1998 Kotun Ƙoli ta jero yanayin da za a buɗe wannan ƙofa: tauye haƙƙin da tsarin mulki ya tanada, yanke hukunci ba tare da sauraron mutum ba, rashin hurumi, ko ƙalubalantar halaccin dokar kanta.

Wa ke da hurumi?

Taƙaddama mafi tsawo a wannan fage ita ce ta jami'in da doka ta ba ikon aika takardar neman bahasi.

Yawancin manyan binciken zamba hukumar leƙen asirin kuɗin shiga ce ke yi, wato DRI, wadda aka kafa a 1957. Amma sashe na 28 ya ambaci jami'in da aka ɗora wa aikin ne kawai.

A shari'ar Sayed Ali a 2011 Kotun Ƙoli ta ce sai jami'in da aka ba aikin ƙiyasta haraji a yankin da abin ya faru ne zai iya neman kuɗin. A cikin shekarar majalisa ta yi wa dokar gyara domin halatta takardun da aka riga aka aika.

A watan Maris na 2021, a ƙarar kamfanin Canon India kan shigo da kyamarori, kotun ta yanke cewa jami'an DRI ba su da wannan iko. Hukuncin ya sa kamfanoni da dama suka garzaya kotu suna neman a soke takardun da aka aika masu, shari'o'i masu yawa kuma suka tsaya.

Majalisa ta sake mayar da martani da dokar kuɗi ta 2022. Daga bisani, a ranar 7 ga Nuwamban 2024, alƙalai uku ƙarƙashin jagorancin babban jojin ƙasar na lokacin, D.Y. Chandrachud, suka sake duba hukuncin Canon suka warware shi. Sun tabbatar da ikon jami'an DRI, suka kuma amince da gyaran 2022. Kamfanonin da suka dogara da wannan hujja kaɗai sai suka koma amsa ainihin zargin da ake yi masu.

Akwai kuma batun iyaka tsakanin kwastan da ofishin babban daraktan cinikin waje, wanda shi ke ba da lasisi. A shari'ar Sheshank Sea Foods a 1996 Kotun Ƙoli ta ce kwastan na da ikon binciken ko an karkatar da kayan da aka shigo da su ba haraji. Amma a shari'ar Titan Medical Systems ta ce idan mai ba da lasisi bai yi ƙorafin an yaudare shi ba, kwastan ba za ta hana rangwamen da wannan dalili ba.

Batun wa'adi

Sashe na 28 ya ɗiba wa hukumar shekara biyu ta nemi kuɗinta, bisa gyaran 2016. Wa'adin kan kai shekara biyar idan akwai haɗin baki, ko ƙarya da gangan, ko ɓoye gaskiya. Saboda haka lauyoyin kamfanoni kan fi mayar da hankali wajen nuna cewa kuskure ne ko saɓanin fahimta, domin a rage wa'adin.

Ƙa'idojin mayar da kuɗin fito na 1995, waɗanda aka maye gurbinsu a 2017, ba su ambaci wa'adi ba. Hukumar ta ɗauki wannan a matsayin damar neman kuɗi kowane lokaci.

Wasu kotuna sun ƙi yarda. A farkon shekarun 2010 babbar kotun Gujarat, a shari'ar Pratibha Syntex, ta ce inda doka ta yi shiru wajibi ne a yi aiki cikin lokacin da hankali zai ɗauka, ta kuma ƙiyasta shi da shekara uku. A 2019 babbar kotun Punjab da Haryana, a shari'ar Famina Knit Fabs, ta ce takardar da aka aika bayan shekara biyar da fitar da kaya ta makara.

Hukuncin babbar kotun jiha yana aiki ne a yankinta, don haka sakamakon ƙara kan danganta da inda aka shigar da ita.

Haƙƙin a saurari mutum

Ƙararraki da yawa kan taso ne shekaru bayan kamfani ya rufe. Tsohon abokin tarayya kan wayi gari ya ga an rufe asusunsa, ko an manna takarda a ƙofar gidansa, a kan hukuncin da ya ce bai taɓa jin labarinsa ba.

Sashe na 153 ya jero hanyoyin isar da takarda, waɗanda suka haɗa da miƙawa hannu da hannu, da wasiƙa mai rajista, da kuma wasiƙar intanet tun bayan gyaran 2018. Idan hukumar ta kasa nuna shaidar isarwa, kotuna kan soke matakin karɓar kuɗin su mayar da batun gaban jami'i domin a sake sauraro.

Irin wannan nasara ba ta shafe bashin. Tana dai ba ɗan kasuwa damar gabatar da takardun banki da ke nuna kuɗin ciniki sun shigo, ko shaidar cika alkawarin fitar da kaya.

Dukiyar wa za a taɓa?

A nan hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli sun bi hanya biyu.

A shari'ar Radhakrishan, wadda ta shafi harajin sayar da kaya a jihar Madhya Pradesh, kotun ta ce idan dokar haraji ta ɗauki kamfani a matsayin mai biyan haraji na kansa, ba za a bi abokan tarayya ba sai in dokar ta faɗi haka.

A shari'ar Arunagiri Chettiar a 1996 kuwa, wadda ta shafi harajin kuɗin shiga, kotun ta dogara da sashe na 25 ta ce wanda ya fita daga kamfani yana nan da alhakin harajin shekarun da yake ciki.

Dokar harajin kaya da ayyuka ta 2017 ta kawar da shakka a nata ɓangaren. Sashenta na 90 ya ɗora alhakin a kan kamfani da kowane abokin tarayya, ya kuma ce wanda ya fita ya sanar da hukuma cikin wata guda, in ba haka ba nauyin zai ci gaba da hawa kansa har ranar da sanarwar ta isa.

Dokar kwastan ba ta yi irin wannan bayani ba game da karɓar bashi. Sashenta na 140, wanda ya ɗauki abokin tarayya tamkar darakta, yana magana ne a kan laifuka. Don haka hukumar kan dogara da dokar 1932 da kuma takardar alkawarin da aka sa wa hannu, lauyoyin abokan tarayya kuma su ce ba a ambaci sunan wanda suke karewa a takardar neman bahasi ba.

Batun tara ma ya raba kan kotuna. Babbar kotun Gujarat ta sha cewa idan an ci kamfani tara, ba za a sake cin abokin tarayya ba, tunda abu ɗaya ne. Amma a 2016 cikakken zaman babbar kotun Bombay, a shari'ar Amritlakshmi Machine Works, ya ce ana iya cin su duka biyun, musamman inda aka nuna rawar da shi abokin tarayyar ya taka da kansa.

Gwamnati ko banki?

Sau da yawa kafin kwastan ta iso, masana'antar da filin suna jingine a banki.

A shari'ar Dena Bank a 2000, wadda ta taso daga bashin harajin wani kamfanin haɗin gwiwa a jihar Karnataka, Kotun Ƙoli ta ce fifikon da gwamnati ta gada daga dokar Ingila yana aiki ne a kan masu bin bashin da ba su riƙe jingina ba, sai in wata doka ta ba ta fifiko na musamman. Ta sake jaddada haka a shari'ar SICOM a 2008.

A 2011 aka ƙara sashe na 142A, wanda ya ba bashin kwastan matsayi na farko a kan dukiyar wanda ake bi. Sai dai sashen da kansa ya keɓe dokokin da ke kare bankuna, cikinsu har da dokar 2002 da ta ba su damar sayar da jingina ba tare da zuwa kotu ba.

A watan Agustan 2022, a shari'ar kamfanin ƙera jiragen ruwa na ABG Shipyard, Kotun Ƙoli ta ce da zarar kamfani ya shiga ƙarƙashin kariyar dokar karyewar kamfanoni ta 2016, kwastan na iya lissafin abin da take bi, amma ba za ta sayar da kayansa ba. Sai ta miƙa buƙatarta kamar sauran masu bin bashi.

Wannan hukunci ya shafi kamfanin hannun jari ne. Lokacin da aka fara aiki da ɓangaren dokar da ya shafi ɗaiɗaikun mutane a watan Disamban 2019, an taƙaita shi ga waɗanda suka tsaya wa kamfanonin hannun jari, ba a haɗa da kamfanonin haɗin gwiwa ba.

Wata mafita

A 2008 Indiya ta kafa dokar haɗin gwiwa mai iyakantaccen alhaki, wadda ta fara aiki a 2009. Kamfanin da aka yi wa rajista a ƙarƙashinta mutum ne na kansa a idon shari'a, kuma bashinsa daga dukiyarsa ake biya. Najeriya ta shigo da irin wannan tsari a dokar kamfanoni ta 2020.

Kariyar tana da iyaka. Dokar ta ɗauke ta daga wanda aka samu da zamba, kuma wanda ya tsaya wa kamfani da sunansa a banki ko a takardar alkawari, lamuninsa na nan a kansa.

Ga waɗanda suka ci gaba da tsohon tsarin, hukunce-hukuncen da suka gabata sun nuna cewa takardu ne ke raba gardama: yarjejeniyar haɗin gwiwa, sanarwar fita, adireshin da aka ba hukuma, da shaidar banki ta shigowar kuɗin ciniki. Abokin tarayyar da ya zuba jari ya bar wa ɗan'uwansa harkar tashar jiragen ruwa, doka ba ta bambanta shi da wanda ya sa hannu a takardar fitar da kaya ba idan aka zo biyan bashin kamfani.